Zaitun Ta Wanke Jirgin Yaƙi

Duk unguwar Briqueterie ta Yaoundé, wadda ake ce wa Brique, babu wanda bai san Zaitun mai lalle da tsabta ba. Matar da in ta gama shara sai ta wanke tsintsiyar, me kuma ya rage? Ka je gidanta ka ajiye kofin shayi don ka amsa gaisuwa, kafin ka juyo ta ɗauraye shi ta kife. Shi ya sa ranar da aka ɗaura mata aure da Ubaidullahi tela, bayan ƙaramar sallah, matan layin suka yi ta dariya suna cewa gidan gwauro ya shiga uku. Shi matarsa ta rasu da daɗewa, 'yarsa Hidaya kuma tana aure a Ngaoundéré. Ita bazawara ce da ta ɗan haura arba'in, kuma ba da wasa ta tare ba. Kafin wata ya zagayo, labulen falo ya tuna cewa da can shuɗi ne.

Ubaidullahi mutum ne mai sanyin hali, ga iya aikin babbar riga. Shagonsa na bakin titi, kusa da masu gasa soya, wato tsire, inda hayaƙi ke turnuƙewa tun daga la'asar. Amma in gaskiya ake so, shagon na neman abinci ne kawai. Zuciyarsa tana wani ɗan ɗaki a bayan gida, inda yake ƙera ƙananan jiragen sama irin na yaƙin duniya na farko, masu fukafukai biyu ɗaya bisa ɗaya. Da ɓargon gwangwala yake sassaƙa ƙashin jikinsu, ya lulluɓe fukafukan da farin yadi marar kauri. A cewarsa na gaskiyar ma da yadi aka lulluɓe su, wato ba don tela ba da har yau ɗan Adam a ƙasa yake tafiya. Zaren ɗinki shi ne wayoyin da ke ɗaure fiffiken sama da na ƙasa. Farfela kuwa daga guntun katako yake fere ta da reza har ta yi sumul. Babba a cikin jiragen bai wuce tsawon kamu ɗaya ba.

Mahautan layin suna kiransa Kwamanda. In ya zo wucewa sai su sara masa da wuƙa a hannu, su ce yaushe za a kai su Makka. Yakan yi dariya ya ce sai sun rage tumbi. Amma Zaitun, da take ganin fuskarsa bayan ya shigo gida, ta san abin yana sosa masa rai. Ita ma ranar da ya fara buɗe mata ɗakin dariya ce ta taho mata, ganin dattijo da furfura a gemu ya rataye kayan wasa a silin. Sai da ta matsa kusa ta ga ɗinkin da ya bi kan haƙarƙarin fiffike, kowane ɗaya bai kai ƙwayar gero ba, sannan dariyar ta koma ciki. Mai zana lalle ta san abin da ake kira haƙurin hannu.

To, a farkon ruwan bana wasu mutane a cikin Yaoundé masu irin wannan cutar tasa, da wani mai kantin magani da wani tsohon malamin makaranta da ire-irensu, suka ga hoton aikinsa a waya. Suka ce lallai ya kawo jirgi ɗaya wurin exposition ɗinsu, inda kowa ke baje abin da ya ƙera. Tunda yake a duniya ba a taɓa kiransa ya nuna jirgi a gaban mutanen da ba ba'a za su yi masa ba. Daga ranar mutumin nan ya koma yi wa keken ɗinki waƙa. Ya zaɓi jirgi guda ya duƙufa a kansa, kullum da an tashi daga shago sai ɗakin baya. Yanzu ga shi ranar ta matso, Asabar mai zuwa ce.

Ranar Laraba da safe ya shirya zuwa Douala saro shadda, zai kwana ya dawo. Yana sa takalmi ya ce, "Amarya, wanda na kife da kwali a kan tebur shi ne na Asabar. Kar ki leƙa, so nake sai ya kammala ki gan shi."

"Ni ina ruwana da kwalinka, Baban Hidaya? Allah ya tsare hanya."

Ina jin ko tashar mota bai kai ba ta ɗaga kwalin.

"Innalillahi!" Abin da ya fito daga bakinta kenan.

Jirgin dai jirgi ne, ba ta taɓa ganin ya yi mai kyansa ba. Launin azurfa, da zagayen ja da fari da shuɗi a kan fukafukai, ga 'yar bindiga bisa fiffiken sama da ba ta fi tsinken ashana ba, ga kujerar matuƙi da ya saƙa da zare. Amma dauɗa, jama'a! Hancinsa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Wani maiƙo ya bi gefensa zane-zane. Tayoyin sun sha taɓo har ya fantsama ƙarƙashin fiffike. Ta ɗaga kai ta dubi sauran da ke rataye, kowanne fes da shi. Ta waiwaya ta dubi 'yar tagar da ke daura da tebur, wadda ke kallon layin masu soya, sai ta gyaɗa kai. Hayaƙi ne da ƙura, shi kuma namiji ne, ido ya saba, ba ya gani.

Nan take ta hango ranar Asabar. Ga manyan mutane da tabarau sun kewaye tebur, ga mijinta tsaye da sabon kaftani, wani ya sa yatsa ya shafo baƙi ya nuna wa ɗan'uwansa, ana ƙus-ƙus ana cewa ai na 'yan Brique ne. A ce kuma da mace a gidan! A ce macen ita ce Zaitun! Ina, ba da ita za a yi wannan abin kunyar ba.

Ta ɗebo ruwan ɗumi a kofi, ta ɗiga sabulu, ta nannaɗe auduga a kan tsinke irin wanda take gyara bakin lalle da shi. Ta zauna ta yi bisimilla. In za a faɗi gaskiya, ba a taɓa yi wa jirgi wanka da ladabi irin wannan ba. Ta bi tsakanin zare da zare ba ta tsinka ko ɗaya ba. Ta shiga lungun taya, ta leƙa ƙarƙashin ciki, ta goge bayan farfela. Dauɗar ma ba ta yi mata gardama ba, fita take yi kamar da ma jira take. Kafin azahar jirgi ya fito yana ƙyalli kamar sabuwar samira. Zaitun ta mayar da kwali, ta toshe tagar da tsumma, ta yi sallarta da farin ciki fal zuciya. Har ta tsara yadda za ta kawar da kai in ya fara godiya, ta ce haba, wannan ai ba komai ba ne.

Bayan la'asar wayarta ta yi ƙara. Shi ne, muryarsa cike da murna, ga hayaniyar kasuwa a bayansa.

"Amarya, albishirinki! Na samu vernis ɗin."

"Goro. Mene ne shi kuma?"

"Man da ake fesa wa aiki ya kama, ya zauna daram. Duk Yaoundé na rasa marar ƙyalli, sai nan. Kin san dauɗar da na yi wa jirgin nan da garin alli ce da fenti mai ruwa, ko yatsa mai gumi ya taɓa ta sai ta goge. Kwana biyun nan ko numfashi a tsorace nake yi a kusa da shi."

Zaitun ta ji ƙasa ta ɗan matsa. "Dauɗar da ka yi?"

"Af, na tona wa kaina asiri! To shi kenan, tunda na faɗa. Mutanen nan ne suka koya mini. Suka ce aikina ya yi, amma jirgi fes kamar bai taɓa tashi ba ne. So ake a gan shi kamar yanzu ya sauka daga fagen fama, da hayaƙinsa da mansa da taɓonsa. Wallahi tun farkon ruwan bana nake zana ta, ɗigo-ɗigo. Ƙera jirgin bai ba ni wahalar da dauɗar nan ta ba ni ba. In kin gani sai kin rantse wari za ki ji. Amarya? Kina ji na?"

"Réseau, layin ba kyau," in ji Zaitun da wata murya da ba tata ba, ta kashe wayar.

A nan tsakar gida ta zauna daɓas a ƙasa, ita da ko a kan tabarma sai ta kakkaɓe take zama. Kunya ta rufe ta, tsoro ya biyo baya, amma abin da ya fi cin ta tausayinsa ne. Murnar da ke cikin muryar nan tasa, ita ta bi ta da auduga da ruwan ɗumi ta share tas, tana yi tana yaba wa kanta. Gobe zai dawo, jibi Juma'a, gata Asabar, kuma babu jirgin kaiwa.

Ta yafa mayafi ta faɗa gidan maƙwabciyarta Fanta, wata Bafulatanar Garoua mai tuyar fanke a bakin layi, wadda ta girme ta kuma ba ta iya ɓoye dariya ko a gidan makoki. Fanta ta saurari labarin har ƙarshe, ta ajiye matsamin mai a hankali, sannan ta kwashe da wata dariya har da riƙe ciki da hawaye.

"Adda Fanta, ni ina cikin masifa ke kina dariya?"

"Bar ni, ma sœur, 'yar'uwa, bar ni in yi! Na gode Allah da ya nuna mini ranar da Zaitun ta fito neman dauɗa." Ta share ido da bakin zane. "To mene ne abin kuka? Dauɗa ce ta ɓata ko? A Brique muke fa. In akwai abin da ba ma rasawa a unguwar nan, shi ne. Ki mayar masa da abarsa kafin ya dawo."

Mutum in ya rikice kowace shawara mai kyau ce. Washegari da hantsi suka shiga ɗakin baya da kayan aiki: baƙin da suka kankaro daga gindin kaskon Fanta, da jar ƙasa daga bakin rariya, da ɗan manja a murfin kwalba. Zaitun ta rufe ido ta tuno yadda ta ga abin jiya, ta ɗauki tsinkenta ta fara. Ta baƙanta hanci, ta shafa wa tayoyi ƙasa. Da ta zo kan maiƙo sai ta ja shi daga sama zuwa ƙasa, siriri-siriri, kamar yadda ta san mai yana gangarowa a bangon kicin ɗin matan da ba su san ciwon kansu ba. Fanta na tsaye a kanta tana ba da umarni kamar a gidansu aka ƙera jirgin farko.

"Ƙara nan. Yaƙi fa aka ce ya je, ba biki ba."

Da suka gama suka ja da baya suka duba. Jirgi dai ya yi dauɗa, wannan babu gardama. Sai dai ɗakin ya ɗauki wani ƙamshi kamar an ɗora miyar ganye. Fanta ta ce kafin ya iso ya baje. Suka kife kwali.

Ana gab da la'asar Ubaidullahi ya shigo da ƙunshin shadda a kafaɗa da gwangwanin vernis a hannu, ya riƙe shi kamar jariri. Zaitun ta kawo ruwa, ta kawo abinci, ta tambayi hanya har sau biyu. Ko loma uku bai yi ba ya wanke hannu.

"Taso, amarya. Tunda na riga na faɗa miki, zo ki gani kafin in fesa."

Ta bi shi. Ya kama kwalin da hannu biyu, ya dube ta yana murmushi, ya ɗaga.

Murmushin bai tafi lokaci ɗaya ba, a hankali ya riƙa zamewa. Ya sunkuya, ya gyara tabarau, ya ƙara sunkuyawa, ya shinshina. A daidai lokacin ne ita ma ta ga abin da bai kamata a gani ba: kiyashi sun yi layi daga ƙafar tebur, sun hau tayar hagu, sun bi ƙafar jirgin sun nufi hanci, wasu har sun shiga kujerar matuƙi.

Ba ta jira ya tambaya ba. Maganar ta ɓarke mata gaba ɗaya, da leƙen, da tagar masu soya, da ruwan ɗumi, da wayar, da kaskon Fanta, ba ta rage komai ba. Ta ce wallahi don kar a raina shi ta yi, don kar a ce ba shi da mai kula da shi. Shi kuwa ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake kallon jirgin. Sai ga kiran sallah. Ya juya ya ɗauki buta, ya yi alwala, ya fita.

Da faɗa ya yi da ta fi samun sauƙi. Zaitun ta yi tata sallar da ƙyar, ta zauna a bakin ƙofar ɗakin baya ta yi kuka sosai, irin wanda rabonta da shi tun mutuwar aurenta na fari. Ta tuna yadda yake yi wa keke waƙa. Ta tuna mahauta, da abin da za su ce in suka ji Kwamanda bai je ko'ina ba. Mutum ya jira abu har furfura ta fito masa, ita kuma daga zuwanta ta kashe masa shi da sunan gyara.

Aka idar da sallah, maza suka wuce, shi shiru. Sai can ta ji takunsa. Ya tsaya a bakin zaure ya jingina da bango, ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa na rawa. Ta ce shi kenan, ta sa dattijo kuka. Ta taso da sauri ta kama hannunsa, sai ta ga ashe dariya ce ta hana shi tsayuwa.

"Allah ya yafe mini," ya ce yana haki. "Ina raka'a ta biyu na tuno kiyashin nan a kujerar matuƙi, wai su za su tuƙa. Na danne, na danne, ina! Sai da ta ƙwace mini a tsakiyar sahu. Malam Muhyiddeen liman yana sallamewa ya waiwayo ya zabga mini harara. Sai da na sake sallar ni kaɗai, shi ya sa na daɗe."

"Baban Hidaya, ba ka yi fushi ba?"

"Na yi mana. Ya yi mini zafi, amarya, ba zan ɓoye miki ba. Da na fita ko gabana ba na gani sosai." Ya share ido. "Amma a ce mutum ya yi wa jirgin yaƙi wanka, ya dawo ya yi masa miya, duk don kar a raina ni? Ni rabon da wani ya damu da a raina ni ko kar a raina ni har na manta. Zo mu ga ɓarnar."

Ya hure kiyashin, ya jawo fitila kusa duk da rana ba ta faɗi ba. Ya nuna mata zanen maiƙon da ɗan yatsa. Ya ce injin irin wannan jirgi da man zurma yake aiki, yana juyawa yana feso shi waje, iskar farfela kuma ta kwashe shi ta yi baya da shi. Saboda haka maiƙon jirgi kwance yake tafiya, daga hanci zuwa wutsiya. Nata kuwa a tsaye yake, ko makaho ya shafa ya san a kicin aka yi shi.

Sai kuma ya ƙara matsar da fuska.

"Wa ya ja wannan layin? Ke ko Fanta?"

"Ni ce," ta ce a sanyaye, tana jiran wani laifin.

"Ya aka yi ya fara da kauri ya tafi yana sirancewa har ya ɓace ba a ga inda ya ƙare ba? Ni duk damina nake fama, nawa kullum da ɗan dunƙule yake tsayawa."

Zaitun ta leƙa. "Wannan? Ai bakin ganye ne. In kana zana ganye a lalle ba ka tsayar da hannu, ɗagawa kake yi yana cikin tafiya."

Ubaidullahi ya dube ta kamar yau aka kawo masa ita. Ya ce shi kaɗai ba zai iya mayar da aikin damina guda kafin Asabar ba, ga kuma kaftanin ango da zai miƙa gobe kafin masallaci. Amma hannu biyu, ɗaya kuma irin wannan, wataƙila.

"Sai ki sake wanke shi," in ji shi.

"Ni? Na rantse ko ƙura na gani a ɗakin nan gaishe ta zan yi in wuce."

"Wanke shi, amarya. Wannan karon da izini."

Ta wanke shi kafin magariba. Komai ya fita sai wani ɗan rawaya-rawaya da manjan ya bari a ƙarƙashin ciki. Ta ɗaga tsinke za ta ci gaba da gurza, ya riƙe mata hannu, ya ce ta bar shi, tsohon man zurma ma haka yake rina yadi.

Ranar Juma'a tun da sassafe ya nuna mata tsofaffin hotuna a waya, ya kankare mata alli baƙi da ruwan ƙasa da toka-toka a kan faranti, ya ba ta buroshin da ya aske har ya rage 'yan gashi kaɗan. Sannan ya yi wata dabara. Ya liƙa guntayen zare a hancin jirgin da gefensa, ya ajiye fanka a gabansa ya kunna. Zarurrukan suka miƙe suka yi baya, wasu suka lanƙwasa suka bi ƙarƙashin fiffike.

"Kin ga hanyar iska. Duk inda zare ya bi, nan mai zai bi."

Ya tafi shago ya bar ta. Da ya leƙo da hantsi ya tarar ta gama gefe guda, harshe a waje, ɗankwali ya zame ba ta sani ba. Ya koma da sanɗa. Wata mata ta zo ƙunshin suna, Zaitun ta leƙo ta ce ta yi haƙuri sai jibi, yau tana da babban baƙo. Fanta ta shigo da farantin fanke da sabuwar shawara, aka karɓi fanken aka sallame ta da shawararta.

Bayan masallaci suka zauna tare, shi yana hayaƙin hanci da inda takalmin matuƙi ke koɗe fenti, ita tana ɗaya gefen. A kan taɓo ne suka yi gardama. Shi yana so ya ɗiga da buroshi ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya yi da.

"Haba Baban Hidaya, taɓo ba ya zama a jere kamar 'yan makaranta. Wa ke wanke wandonka in ka hau babur da ruwa? Kusa da taya yake yin kauri, ya yi sama yana watsewa, kuma ta baya yake kamawa."

Ta ɗauko tsohon buroshin haƙori ta tsoma a kwaɓaɓɓen alli, ta kare fiffiken sama da takarda, ta karta gashin da babban yatsa. Taɓo ya fantsama ƙarƙashin fiffike tamkar taya ce ta watso shi. Ubaidullahi ya ce "Tabɗi!" ya ajiye nasa buroshin. Kafin rana ta yi sanyi suka fitar da jirgi tsakar gida, ya girgiza gwangwani ya fesa daga nesa, ita tana tsaye ta toshe baki da hannu biyu. Da ya bushe ya kama yatsanta ya goga a hancin jirgin. Ta duba, babu abin da ya biyo yatsan.

Ranar Asabar ya sa farin kaftani, ita ta sha atamfa da sabon mayafi. Mahauta na hango su da kwali suka jeru suka sara, wani ya ce Kwamanda yau har da uwargida za a tashi? Ubaidullahi ya ce eh, kuma babu wurin masu tumbi. A taksi ta karɓi kwalin ta ɗora a cinyarta, duk ramin da direba ya nufa tana yi masa "Doucement! A hankali!" har sauran fasinjoji suka fara taya ta.

Zauren wata makaranta ne, an jera dogayen tebura, ga jirage ga jiragen ruwa ga tankokin yaƙi, wasu ma sun fi nasu ƙanƙanta. Zaitun ta zagaya ido ta ga kowanne da irin tasa dauɗar, ta ce a ranta ashe mahaukatan da yawa. Aka nuna musu wurinsu. Da Ubaidullahi ya ɗaga kwali, mutum biyu suka matso, sannan huɗu, sannan aka daina ganin tebur. Mai kantin maganin ya yi ta mamakin cewa gwangwala ce da yadi. Wani ya ce tayoyin sun ɗan yi girma, Ubaidullahi ya auna da ido ya ce gaskiya ne, zai gyara a na gaba, yana faɗa yana washe baki, don yau ne karon farko da aka yi masa gyara a maimakon ba'a.

Tsohon malamin makarantar ya zo da madubin ƙara girma, ya sunkuya ya daɗe a kan gefen jirgin. Ya ɗago ya tambaya da Faransanci yadda aka yi zanen man nan ya tafi ya ɓace haka, don shi ya shekara da shekaru yana nema.

Ubaidullahi ya buɗe baki zai amsa, sai ya fasa. Ya ja da baya, ya miƙa hannu ya zare jakar da ke rataye a kafaɗar matarsa.

"Demandez à madame," ya ce, wato su tambayi matarsa. "Aikinta ne."

Zaitun ta ji kunya kamar ta nutse, ta harare shi, ya yi kamar bai gani ba. Mutane suka juyo gaba ɗaya suna jira. Ta gyara mayafi, ta ce a ba ta buroshi da takarda. Da Faransancinta na kasuwa, inda ya ƙare ta cike da Hausa da hannu, ta fara nuna wa dattawan nan yadda ake ɗaga hannu yana cikin tafiya. Tsohon malamin ya gwada, nasa ya tsaya da dunƙule, ta ce a'a Monsieur, sake. Ubaidullahi na tsaye a bayanta rungume da jakar mata a ƙirji, idonsa ya ciko, bakinsa kuma ya ƙi rufuwa.